Shawara da Ƙwaƙwalwar Jariri: Kwanakin da Ke Gabanin Suna

A unguwannin Abuja irin su Kubwa ko Nyanya ko Lugbe, mace kan haihu yau a sallame ta gobe. Kwana uku da haihuwa, maigida na can yana cinikin rago, sai wata cikin 'yan barka ta ɗaga jaririn ta ce idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Kaka ta leƙo: "Shawara ce, 'yar nan. Duk 'ya'yana sun yi. A fitar da shi hantsi." Sau da yawa zancen kaka kan zama gaskiya, don kusan shida cikin jarirai goma da suka cika wata tara sukan yi shawara a makon farko, bakwaini kuwa takwas cikin goma, kuma galibi takan wuce da kanta. 'Yan kaɗan ɗin da tasu ba ta wucewa su ne abin damuwa.

Launin nan daga wani sinadari ne, bilirubin, wanda ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka fashe. Na babban mutum sukan yi kwana 120, na jariri ba sa kai haka, ga shi ya zo da su da yawa. Aikin hanta ne ta sarrafa sinadarin ya fita ta kashi, amma hantar ɗan kwana uku ba ta gama koyon aiki ba. Kafin ta kai gare shi, wani furotin na jini mai suna albumin ne ke riƙe da shi. Idan kaya suka fi ƙarfin ɗan dako, rarar sai ta yi yawo ba mai riƙe ta. Bilirubin na son kitse, ƙwaƙwalwa kuwa kitse ne ya yi mata yawa, sai ya ƙetare shingen da ke tsakaninta da jini.

A can yakan lafe a jikin ƙwayoyin jijiya, ya gurgunta sashen da ke samar musu da kuzari, har su mutu. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ƙwaƙwalwa na da 'yan sintirinta, maikurogiliya da astirosait, masu share datti da kare jijiyoyi. Da sun ji baƙo sai su saki sinadaran kumburi irin su TNF-alfa. Idan abin ya daɗe, faɗan da suke yi da ɓarawo sai ya rushe ɗakin: kumburin ya ƙara kashe jijiyoyi, ya kuma taɓa ƙwayoyin da ke yi musu rufi. Bilirubin ya fi yin illa a cibiyoyin sarrafa motsi da na ji. Wani likitan Jamus, Georg Schmorl, da ya ga wuraren sun rine da rawaya, shi ya raɗa wa cutar suna kanikteros a farkon ƙarni na 20. Yaron da ya tsira kan tashi da sanƙarewar gaɓoɓi ko kurumta, hankalinsa kuwa sau da yawa lafiya lau, yana fahimtar komai, jiki ne ya ƙi ba shi haɗin kai.

Wani abin da ke tunzura shawara yana cikin akwatinmu. Yara maza da yawa a Najeriya na da ƙarancin wani sinadarin gado, G6PD, kuma jininsu kan fashe da sauri idan suka shaƙi kafur ɗin da muke jefawa cikin kayan jarirai. Lalle ma haka. Sai saɓanin rukunin jinin uwa da ɗa, da ƙwayar cuta da ke shiga ta cibiya.

Ɗakin mai jego duhu gare shi, fatarmu kuma tana ɓoye launi. A fito da yaro haske, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa, a duba dasashi da farin ido. Shawarar da ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, ba ta jiran wayewar gari. Haka in ya ƙi nono, ya yi laushi, kukansa ya koma tsuwa mai kaifi, ko yana banƙarewa. Ni dai na fi tsoron jaririn da ake yabo wai ba ya kuka, barci kawai yake.

Ruwan gulukos da jiƙo ba sa rage bilirubin. Shayarwa akai-akai na taimakawa, maganin kuwa shuɗin haske ne, wanda ke sauya sinadarin ya fita ba sai hanta ta sarrafa shi ba. Wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, ta fara lura cewa hasken rana na rage shawara a Rochford ta Ingila a 1956. Hantsin kaka ke nan yana da tushe, sai dai rana tsagwaronta na ƙona fata ta busar da jariri. A binciken da aka wallafa a 2015, wanda aka yi kan jarirai 447 a asibitin haihuwa na Island da ke Legas, sai da aka yi rumfa da leda ta musamman mai tace zafi da haske mai cutarwa, ma'aikata na auna zafin jikin yaran.

A Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, akwai sashen jarirai inda ake auna bilirubin da ɗan jini kaɗan, a sa yaro a fitilar shuɗin haske an rufe masa ido. In awon ya yi sama sosai, canjin jini ake yi, kaɗan-kaɗan ta jijiyar cibiya. Wanda aka yi wa haka, a nemi a gwada jin kunnensa kafin ya cika wata uku.