Mai ramin kifi a fadamar Haɗeja, ka san halin dam

Jama'ar Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa, ruwan da kuke ja da rani daga dam ɗin Tiga (1974) da na Challawa (1992) yake gangarowa. Su ne ke hana kogin ƙafewa.

Amma fa idan suka cika a Agusta da Satumba, rara ta taho, ga kachala ta toshe hanya, sai ruwa ya malale fadama, kamar yadda aka gani a 2022. Tarwaɗa kuwa da ruwa ya haura gaɓa ta bi shi, jari ya tafi.

Don haka a ɗaga gaɓar rami, a toshe tsaga, a kewaye da raga. Kifin da ya isa sayarwa a kwashe shi kafin Agusta.

Allah ya tsare mana dukiya.