Ɗinkin Gida da Haɗa Kati: Ba Kowane Aikin Hannu Ake Kaiwa Kasuwa Ba

A gidaje da yawa na Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi akwai keken ɗinki a tsaye a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da zane, an ɗora masa kwanuka ko tulin littattafan yara. Wani cikin kayan ɗaki ya zo, wani wajen rabon tallafi aka same shi, wani kuma gadon uwa ne. Ka tambayi mai shi abin da ya sa ta jingine shi, amsar kusan ɗaya ce: ai ba a kawo ɗinki. Wato a wurinmu keke kayan neman kuɗi ne kurum, ranar da masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa ya tashi daga aiki.

A ƙasashe irin su Ingila, Amurka da Jamus akwai ɗimbin mutane, galibinsu mata, da ke da aikinsu na ofis ko na asibiti, amma da yamma ko ƙarshen mako sai su zauna gaban keke su ɗinka wa jika riga, su haɗa jaka, su yi rigar filo. Idan sun gama, ragowar ƙyallayen da zaren su haɗa da kwali su yi katin gaisuwa. Ba sayarwa suke yi ba. Sha'awa ce, da samun natsuwa, da daɗin ba mutum abin da hannunka ya yi. Ina ganin akwai abin dubawa a nan, ba don Turawa ne ke yi ba, sai don kayan aikin suna hannunmu tuni, kuma mun daɗe da sanin darajar allura.

Shi kansa keken ba don gida aka fara ƙera shi ba. A 1830 wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar na'urar ɗinki, ya buɗe masana'anta a birnin Faris da kekuna kusan 80 suna ɗinka kayan soja. Ba a daɗe ba teloli masu ɗinkin hannu suka far wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada a raba su da abincinsu. A Amurka kuma Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, suka yi ta shari'a har Howe ya yi nasara a 1854. Amma abin da ya shigar da keke ɗakin matan aure ba fasahar ƙira ba ce kaɗai. Farashinsa a lokacin ya haura dala 100, kuɗin da talaka ba zai iya zubewa lokaci ɗaya ba. Sai kamfanin Singer ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856: ka ba da kafin alƙalami, ka ɗauki keke, ka riƙa biya duk wata. A 1863 kuma wani tela, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da samfurin yanka na takarda mai girma daban-daban, wanda mace za ta shimfiɗa a kan yadi ta bi da almakashi ba tare da ta yi zaman koyo wurin kowa ba. Waɗannan biyun su suka haifi ɗinkin gida kamar yadda aka san shi yau. Baƙin keken nan na Butterfly da ya cika kasuwanninmu daga birnin Shanghai na ƙasar Sin ya samo asali, kuma a tsarin tsohon Singer aka ƙera shi, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Yawancin masu keke ba su san abin da ke faruwa a ƙarƙashin yadi ba, kuma rashin sanin nan ne ke sa a yi ta kiran mai gyara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Allurar hannu kafarta a gindi take, sai ta ratsa yadi gaba ɗaya ta fito ta ɗaya gefen. Ta keke kuwa kafarta a baki take, kusa da tsini, kuma ba ta taɓa ratsawa duka. Takan nutsa da zaren sama, idan ta fara ɗagowa sai zaren ya ɗan yi lanƙwasa a ƙasa. Nan take bakin ƙoshiya zai cafko lanƙwasar, ya zagaya da ita bayan zaren da ke naɗe a kwarkwaro, sannan ƙarfen da ke hawa da sauka a goshin keken ya ja zaren sama ya tsuke. Zare biyu ke nan suka sarƙe, kuma idan komai daidai yake, mahaɗarsu a tsakiyar kaurin yadin za ta ɓuya, ba a ganin ta sama ko ƙasa. Haƙoran da ke ƙarƙashin ƙafar keke su ja yadin gaba kaɗan, a sake.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin matsalolin keke. Idan ka juya yadi ka tarar da zare ya cukurkuɗe a ƙasa, kada ka yi saurin kama ƙoshiya da laifi. Mafi yawan lokuta zaren sama ne ya yi sako-sako ko aka zura shi ba daidai ba. A zare shi duka, a ɗaga ƙafar keke, a sake zurawa. Idan keke na tsallake, a fara duba allura: ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye. Allura mai lamba 14 ita ce ta atamfa da shadda, mai lamba 11 ta yadi mara nauyi, 16 zuwa 18 ta yadi mai kauri irin na jins. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda kan haɗu da gashin zare ta daskare a ƙarƙashin haƙora. Tsohon buroshin haƙori da ɗigon man keke sun isa. Man gyaɗa ko na girki kuwa a nisanta shi da keke, domin yana yin danƙo ya riƙe ƙarafa.

Mai koyo don kansa ba ya bukatar farawa da riga. Rigar filo, labulen taga, jakar zuwa Islamiyya, siket ɗin yarinya mai roba a ƙugu, duk ɗinki ne miƙaƙƙe da ke koya wa ƙafa da hannu tafiya tare. A wanke yadin auduga kafin a yanka, don yakan tsuke a wankin farko. A bar kamar santimita ɗaya da rabi a gefe saboda ɗinki. A riƙa goge kowane layi da dutsen guga kafin a shiga na gaba. Wannan shi ne babban bambancin ɗinkin da ya kwanta da wanda ya tattare. Sai kuma gyara, wanda a ganina ya fi sabon ɗinki amfani a gida mai yara: canza zif, kalmasa ƙafar wando, faci a gwiwa, rage wa ƙane rigar wa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnatin Ingila ta ƙayyade sayen tufafi daga 1941, har ɗan littafi ta buga a 1943 tana koya wa jama'a faci da sake fasalin tsofaffin kaya. Mu ba yaƙi muke ba, amma duk wanda ya shiga Kantin Kwari kwanan nan ya tambayi kuɗin turmin atamfa ya san ba lokacin zubar da riga saboda ɓarkewar hammata ba ne.

To ina ruwan ɗinki da kati? Ruwansu a kwandon shara yake. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma duk iya yankan mai yanka sai an sami ragowa: gefen wuya, kusurwar hannu, siririn ƙyallen da bai isa komai ba. A shagunan teloli buhu-buhu ake tarawa, wani a cusa a matashi, wani a ƙone. Mai haɗa kati kuwa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu ya ishe shi.

Katin Kirsimeti na sayarwa bai kai shekara 200 ba. A 1840 Ingila ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kwabo ɗaya, aka kuma fito da kan sarki na farko. Bayan shekara uku, a 1843, Henry Cole, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin wannan gyara na gidan waya, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga 1,000 a Landan, ana sayar da kowanne sule guda. Labarin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Esther Howland ta garin Worcester a jihar Massachusetts. Mahaifinta mai kantin takardu ne. A ƙarshen shekarun 1840 ta ga wani katin masoya da aka kawo daga Ingila, ta ce ita ma za ta iya. Ta haɗa 'yan samfura da takarda mai ado da ƙyalle, ɗan'uwanta ya tafi da su fatauci, ya dawo da odar da ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Sai ta tara ƙawayenta a wani ɗaki na gidansu, wannan na yanka, wannan na mannawa, wannan na ƙawatawa. Daga baya manyan kamfanoni irin su Hallmark, wanda Joyce Hall ya fara a 1910 a Kansas City, suka mamaye kasuwar da katunan inji. Abin mamaki, yawan katin inji ne ya sake ɗaga darajar na hannu.

Mu ma mun san kati. Waɗanda suka yi makarantar kwana suna tuna katin fatan nasara da ake aiko wa ɗalibi gab da jarrabawar fita, da na Barka da Sallah da ake sayarwa a bakin gidan waya. Katin ɗaurin aure kuwa har gobe ana raba shi da goro ko alawa, duk da cewa WhatsApp ya cinye rabin aikinsa. Sai dai saƙon waya, wanda mutum ɗaya ke tura wa mutum ɗari da danna ɗaya, ba ya zama a ƙarƙashin akwati shekara ashirin.

Haɗa shi ba wuya. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. A raba ta biyu, a ninke kowane rabi, an sami kati biyu masu girman 105 da 148, waɗanda ke shiga ambulan mai lamba C6 cif-cif. Takardar buga rubutu ta yau da kullum, mai nauyin giram 80, ta yi laushi, ba za ta tsaya ba. A nemi kwali mai giram 200 zuwa 300 wurin masu sayar da kayan ɗab'i. Kafin a ninke, a ɗora rula a ja layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, don kada kwalin ya tsage a gaɓa. Shi kuma ƙyallen a sa masa sitaci a goge, ya yi ƙarfi, sannan a yanka siffar da ake so: hula, fure, tulu, jinjirin wata, ko dagin Arewa ga mai haƙurin yanka. Gam kaɗan ake shafawa, domin mai ruwa idan ya yi yawa kwali kan kumbura ya lanƙwashe.

Inda sana'o'in biyu suka haɗu sosai shi ne a kan keken kansa, don keke na ɗinka kwali. Sharaɗi uku ne. A buɗe tazarar ɗinki sosai, domin idan hujojin suka matsu kwalin zai yage a kan layin kamar gefen kan sarki. Kada a koma da baya don ƙulli, a ja zaren ta ciki a ɗaure ko a manne. Kuma a ware tsohuwar allura domin wannan aiki, saboda takarda na dakusar da tsini. Haka ma almakashi: na yadi daban, na takarda daban, kuma duk mai ɗinki da ke da yara a gida ta san yaƙin da ake yi kafin a kiyaye wannan doka.

Akwai abin da ya kamata mai haɗa kati a cikinmu ya kula da shi wanda ba ya cikin lissafin Bature. Kati abu ne da ke iya ƙarewa a bola ko hannun mai ƙosai. Saboda haka ya fi kyau a guji rubuta ayoyi ko yanko su daga tsofaffin kalandu don ado. Gaisuwa da fatan alheri cikin Hausa, da boko ko da ajami, sun wadatar, kuma rubutun hannu ko bai yi kyau ba ya fi na inji shiga rai.

Za a ce wannan aikin masu ƙoshi ne, wanda ke neman na cefane ina ya ga lokacin wasa da ƙyalle? Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cewa a ƙi kuɗi idan sun zo. Matan birnin Zariya da ke zaune da allura suna yi wa babbar riga aiki, da masu ɗinkin hula a zaure da tsakar gida, da wannan suke rufa wa kansu asiri. Amma mukan yi gaggawar mayar da komai kasuwa. Yarinya ta ɗinka jaka ɗaya mai kyau, kafin ta ɗinka ta biyu an ce ta fara karɓar oda. Daga nan sai alkawari, sai bashi, sai mai kaya ta zo tana faɗa a ƙofar gida, abin da ta fara da marmari ya koma mata tashin hankali, hannun ma bai gama faɗawa ba. Wanda ke yi don kansa yana da damar ɓatawa ya farke ya sake, kuma ta nan gwaninta ke zuwa. Ko ba a sayar da komai ba, kuɗin gyara da ba a kai wa tela ba riba ce, haka rigar yaro da aka gama a gida ba tare da zaryar shago daren Sallah ba.

Aikin kati kuma na yara ne da manya, maza da mata. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya zaɓen ƙyalle ya manna, ya rubuta wa kakarsa gaisuwa. Reza da keke dai su tsaya a hannun babba. Mai niyyar gwadawa ya roƙi telan unguwa ya ajiye masa ƙyallayen mako ɗaya, ya sayi kwali biyar da gam. Idan kuma kayan Sallah ake so a ɗinka a gida, a fara yanka tun cikin Sha'aban, kada a bari sai goman ƙarshe na azumi.