BABI NA UKU: ƊORA MANHAJA BIYU A KAN NA'URA MAI ƘWAƘWALWA GUDA DA WARWARE MATSALOLINSU A YANKIN WATARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar babbar manhaja, wato shirin da yake tafiyar da harkokin na'ura mai ƙwaƙwalwa tun daga kunnawa har zuwa kashewa. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake zaunar da irin wannan manhaja har guda biyu, wato Windows da Linux, a kan na'ura ɗaya, da kuma matsalolin da sukan biyo baya. Za a yi haka ne ta la'akari da yankin Watari na ƙaramar hukumar Bagwai a Jihar Kano, inda madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1977 da 1980 ta mayar da noman rani babbar sana'a. A irin wannan wuri na'ura guda takan ɗauki nauyin mutane da yawa: ɗalibi da kundinsa, sakataren ƙungiyar manoma da lissafin taki, mai shagon buga takardu da aikin jama'a. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma ƙwararren mai gyara sai an je Bichi ko birnin Kano. Don haka kuskuren da ɗan birni zai gyara cikin sa'a guda yana iya jawo wa mutumin karkara asarar aikin shekara.

3.1 Dalilin Haɗa Manhajojin

Windows ita ce aka saba da ita, kuma a kanta CorelDRAW da Microsoft Word suke aiki, waɗanda su ne jarin mai shagon buga takardu. Sai dai kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana bukatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Da yawa daga cikin na'urori na hannu da ake saya a titin Beirut na Kano ba su cika wannan sharaɗi ba. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, kyauta ce, tana tafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma ƙwayoyin cutar da suke yawo a filash daga shago zuwa shago galibinsu don Windows aka yi su. Nau'o'inta da suka fi sauƙi ga ɗan koyo su ne Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint.

3.2 Rabon Faifan Ajiya da Ɗorawa

Faifan ajiya tamkar gona ce da za a raba wa magada biyu. Kowace manhaja tana bukatar yankinta da iyakarta, domin tsarin da Windows take adana bayanai, wato NTFS, ya bambanta da na Linux, wato ext4. Kafin a taɓa iyaka wajibi ne a kwashe muhimman takardu zuwa wani faifan dabam, a kuma tabbatar batir ya cika. Idan batirin ya mutu, kamar yadda yake ga yawancin na'urori na hannu, to a jira sai an sami janareto ko sola mai tabbas. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake matsar da iyakar yanki na daga cikin 'yan abubuwan da kan lalata bayanai da gaske.

Ƙa'ida ita ce a fara ɗora Windows, sa'an nan Linux ta biyo baya. Dalili kuwa shi ne, Linux takan nemi wadda ta tarar ta ba ta gurbi a jerin zaɓi, amma Windows ba ta yin haka. Daga cikin Windows ake rage girman yankinta, a bar fili wanda bai gaza gigabait 25 ba, ko da yake ninkin haka ya fi dacewa. Bayan nan sai a zuba Linux a filash mai gigabait 8 da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus, a tayar da na'urar daga gare shi ta danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin hanyar tashin na'ura iri biyu ce. Tsohuwar hanya ita ce ta BIOS, wadda take dogara ga bait 512 na farkon faifai, kuma ba ta yarda da manyan yankuna fiye da huɗu ba. Akwai na'urorin HP na zamanin Windows 7 da suka zo da huɗun a cike tun daga kamfani, ta yadda sai an sadaukar da ɗaya kafin Linux ta sami wuri. Sabuwar hanya kuwa ita ce ta UEFI, wadda take da ɗan yanki na musamman inda kowace manhaja take ajiye mabuɗin tashinta. Lallai ne manhajojin biyu su bi hanya ɗaya. Idan Windows ta bi tsohuwa aka ɗora Linux ta sabuwa, kowace za ta zauna lafiya, amma ɗaya ba za ta iya tayar da 'yar'uwarta ba.

Idan an gama, abin da zai fara bayyana shi ne GRUB, wanda yake kamar zaure mai ƙofa biyu, mai na'ura ya zaɓi wadda zai shiga.

3.3 Matsaloli da Magunguna

Mafi yawan matsalolin a wannan zaure suke, ba a cikin gida ba. Na'ura takan wuce kai tsaye zuwa Windows bayan an sabunta ta, sai mai ita ya ɗauka Linux ta goge. Ba ta goge ba. Sau da yawa jerin tashi ne ya sauya, kuma shiga saitin UEFI a mayar da Ubuntu sama ya wadatar. Akasin haka ma yana faruwa, wato Windows ta ɓace daga jerin GRUB, musamman tun fitowar GRUB 2.06 a 2021, wanda ya zo da mai binciken sauran manhajoji a kashe. Ana kunna shi ne a cikin fayil ɗin /etc/default/grub, sa'an nan a ba da umarnin update-grub. Haka kuma a watan Agusta 2024 wani sabuntawa na Windows ya hana Linux tashi a na'urori da dama a duniya, inda aka riƙa kashe Secure Boot na ɗan lokaci har a sabunta Linux ɗin.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce baƙin allo mai ɗauke da kalmomin grub rescue. Wannan yakan faru ne idan wani ya goge yankin Linux daga cikin Windows don neman fili, bai san cewa rabin zauren a can yake ba. A nan ne masu gyara da yawa suke gaggawar yin fomatin, wato su share faifan baki ɗaya, alhali takardun Windows suna nan ko ɗaya bai taɓu ba. Wannan ɗabi'a abin takaici ce. Filash ɗin da aka ɗora Linux da shi yana iya tayar da na'urar ba tare da an ɗora komai ba, a kwashe takardun, daga baya a gyara tashin da Boot-Repair ko da filash ɗin Windows. Tun da yake Boot-Repair sai da intanet ake sauko da shi, ya kamata mazaunin Watari ya tanade shi tun yana birni, ya ware filash guda ya adana, kada a riƙa aron sa ana ɗaukar waƙoƙi da finafinai.

Akwai kuma batun Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Da shi, idan an kashe Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi tana riƙe da yankinta. Sai Linux ta ƙi yin rubutu a yankin, ta bari a karanta kawai. Wannan ba lalacewa ba ce, taka-tsantsan ne. Magani shi ne a kashe Fast Startup tun ranar farko. Irin haka yakan faru idan wuta ta ɗauke Windows tana cikin aiki, kuma a nan komawa Windows ake yi a bar ta ta duba faifan da chkdsk.

Saura matsalar agogo, wadda ƙarama ce amma tana rikita mutane. Linux tana saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, ita kuwa Windows tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida. Da yake Nijeriya tana gaban UTC da sa'a ɗaya, wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows zai ga ƙarfe 1:00 alhali 2:00 ta yi. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a cikin Linux yana daidaita su, kuma ba shi da illa a nan tun da Nijeriya ba ta sauya agogo tsakanin rani da damina. Amma idan kwanan wata ne yake komawa shekarun baya duk lokacin da aka kunna, to ba laifin manhaja ba ne. Ɗan ƙaramin batirin da yake kan allon na'urar ne ya ƙare, galibi samfurin CR2032, kuma mutuwarsa kan sa na'ura ta manta jerin tashinta ma. Ana samun irinsa a wurin masu gyaran agogo.