TRON: Manhajar Japan da aka yi wa tababa, ga ta nan a kayan shagonka

Duk mai sayar da kayan lantarki a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, ko mai saro su ta Kye-Ossi da Bitam, da wuya a ce kaya mai ɗauke da TRON bai taɓa bi ta hannunsa ba, ko da bai san sunan ba.

A 1984 ne Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya fito da shirin. Nufinsa a samu uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, bisa ƙa'ida guda da kowane kamfani zai bi kyauta. Masu tababa suka ce ba za ta kai labari ba, domin kwamfutocin NEC masu MS-DOS sun riga sun cika ofisoshin Japan. Wa zai bar abin da ya saba da shi?

An shirya sa reshenta mai suna BTRON a kwamfutocin makarantun ƙasar, sai ga ofishin wakilin cinikin Amurka a 1989 ya lissafa TRON cikin abubuwan da ke toshe wa kayan Amurka kasuwa. An janye sunan daga baya, amma ciniki ya riga ya watse. Wasu na ɗora wa Amurka laifin duka. A ganina, ko ba ta sa baki ba, hujjar masu tababa na nan daram.

Inda suka yi kuskure shi ne ɗaya reshen, ITRON, wanda ya shige cikin kyamarori, firintoci da injin motoci, inda mai saye ba ya tambayar sunan manhaja. A 2018 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da wani jikansa ma'auninta.

To, 'yan kasuwa, a nan batun ya shafi jarinku. Abin da ke ɓoye a cikin na'ura ba zai hana ta sayuwa ba, amma kayan da aka ƙera don cikin Japan kaɗai a duba su da kyau. Wutarsu bolt 100 ce, ta Gabon 220. Tsofaffin wayoyinsu na tsarin PDC ba su taɓa kama layin GSM ba. Tsohon rediyon motarsu kuwa a 90 yake tsayawa, alhali tashoshin FM namu na kaiwa 108, don haka a kunna a ji kafin a biya.