Daga Azagor zuwa Gadabeji: Ko matasan gida za su farfaɗo da yawon daji a Nijar?

Idan matafiyi ya bar Maradi ya nufi arewa, kwalta za ta raka shi kimanin kilomita 120 zuwa Dakoro. Daga nan sai gonakin gero su riƙa raguwa, garkunan shanu da raƙuma suna ƙaruwa, hanya kuma ta koma sawun tayoyi a kan rairayi. A wannan tsakani, inda noma ke miƙa wa kiwo ragama, ƙaramar hukumar Azagor take.

Azagor ba ta cikin wuraren da kamfanonin yawon buɗe ido suka saba tallatawa. Yanki ne na makiyaya Abzinawa da Fulani da manoma Hausawa, a gefen kwarin Tarka. Amma arewa da shi, cikin gundumar Bermo, akwai gandun dajin Gadabeji, wanda a yau yake da abin da mutane ke biyan maƙudan kuɗi su je gani a Kenya ko Namibiya: raƙuman dawa suna kiwo a sake, da sararin da mutum zai kafa tanti ya kwana babu fitila ko ɗaya sai taurari.

Tambayar ita ce, wa zai je, kuma wa zai amfana?

Dajin da ya dawo da baƙinsa

An keɓe Gadabeji a matsayin gandun namun daji tun 1955, zamanin mulkin Faransa, a fili mai faɗin hekta 76,000. A da akwai raƙuman dawa da jiminu da manyan barewu iri-iri. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1984, tare da farauta ba ƙaƙƙautawa, suka share mafi yawansu.

A nan akwai abin lura. Motar da ake kira kat-kat a Nijar, wato mai jan ƙafa huɗu, tana cikin abubuwan da suka ƙarar da namun dajin Sahel. Maharbin da ke tafe a ƙasa ko bisa raƙumi yakan sami dabba ɗaya ya koma gida. Mai mota da bindiga kuwa yakan kori garke har ya gaji ya faɗi.

A 2017 hukumar UNESCO ta sanya Gadabeji cikin jerin yankunan duniya da ake kare halittunsu tare da rayuwar mutanen da ke kewaye da su. A watan Nuwamban 2018 kuma aka kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a manyan motoci, aka sake su a Gadabeji bayan kusan shekara 50 da ɓacewarsu a wurin. Ma'aikatar muhalli ta Nijar ce ta yi aikin tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund. A 2022 an ƙaro wasu huɗu, kuma tuni suka fara haihuwa a can.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma babu inda ya rage a daji sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Lokacin da aka yi jigilar farko sun haura 600.

Darasin Agadez da Kure

Yawon daji da kat-kat ba baƙon abu ba ne a ƙasar. A shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke ratsa Agadez, Turawa sun riƙa tururuwa zuwa duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Mano Dayak, wanda daga baya ya zama jigon tawayen Abzinawa kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, da kamfanin kai baƙi hamada ya fara yin suna. Direbobi, masu dafa abinci, 'yan jagora, maƙera azurfa da masu otal duk sun ci abinci a wannan sana'a.

Sai tawayen 2007 ya zo, sannan aka sace ma'aikatan kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit a 2010. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Direbobi da dama suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinariya a Djado.

Kure ma ta ɗanɗana kuɗarta. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji, tare da direbansu da ɗan jagoransu 'yan Nijar, a wurin kallon raƙuman dawa. A farkon 2025 kuma an sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin Agadez.

Darasin a fili yake: sana'ar da ta dogara kacokan ga baƙin waje, hari ɗaya kan iya durƙusar da ita. Shi ya sa idan Gadabeji za ta sami masu ziyara a nan kusa, to daga Maradi, Damagaram, Tawa, Katsina da Kano za su fito, ko kuma cikin 'yan ƙasa mazauna ƙetare da ke dawowa hutu da 'ya'yan da ba su taɓa ganin rugar Fulani ba.

Yadda tafiyar take

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana ba ta da zafi sosai, amma dare akwai sanyin hunturu mai ratsa ƙashi, don haka bargo dole ne. Da bazara zafi kan haura maki 40. Da damina daji kan yi kore shar, sai dai laka a kwarin Tarka kan riƙe mota wuni guda. Ƙarshen damina kuma shi ne lokacin da Fulani Woɗaɓe ke bukukuwan Gerewol.

Masu sanin hanya ba sa shiga irin wannan daji da mota ɗaya. Akan tafi da biyu, kowace da tayoyin safiya, jarkokin mai da na ruwa, shebur, igiyar ja da farantan ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya idan ta nutse. Kafin a hau rairayi mai laushi akan rage iskar tayoyi don su baje. Babbar abokiyar gabar direba a nan ita ce ƙayar aduwa da farar ƙaya, ta mai tafiya a ƙasa kuwa ƙarangiya.

Shiga gandun kansa sai da izinin jami'an kula da gandun daji, kuma da rakiyarsu. Sanar da hukumomin Dakoro da Bermo da sarakunan yankin kafin tashi, tare da jin shawararsu kan tsaro, shi ne matakin farko, ba na ƙarshe ba.

Sai ɗan jagora. Taswirar waya za ta nuna maka inda kake, amma ba za ta faɗa maka rijiyar wane dangi ce ke gabanka ba, ko wace hanya ce ta lalace tun daminar bara. Rijiyoyin wannan yanki suna da zurfi ƙwarai, da jakai ko raƙuma ake jan gugarsu, kuma kowace tana da masu ita da tsarin wanda zai fara shayarwa. Baƙon da ya faka mota ya hau cika jarkoki ba sallama ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. Makiyayin da ya tashi a nan kuwa yana karanta sawu kamar yadda ɗan boko ke karanta jarida. Zai gaya maka barewa ce ta wuce ko dila, da safe ne ko jiya.

Da yamma akan sauka nesa da rijiya da hanyar dabbobi, a ɗora shayi a kan gawayi, a gasa gurasar Abzinawa cikin rairayi da toka mai zafi. Amma wutar nan ita ce haɗari mafi girma. Bayan damina ciyawa kan bushe ƙayau, kuma gobarar daji na cikin manyan masifun makiyayan Dakoro da Bermo. Guntun taba sigari ɗaya na iya cinye abincin dabbobin rani guda.

Rabon wa?

Tun 1961 dokar Nijar ta shata layin da noma bai kamata ya ƙetara zuwa arewa ba, don a bar wa makiyaya fili. Yawan jama'a ya sa gonaki sun daɗe da tsallake shi. Makiyayi a yankin Azagor yana tsakiya ke nan: gona na turo shi daga kudu, gandun da aka taƙaita kiwo a cikinsa na tare shi daga arewa. Idan ya ga ciyawa a cikin gandu alhali shanunsa na rama, sannan ya ga motocin 'yan birni suna shiga da fita ba tare da ya sami ko dala ba, da wuya ya ɗauki raƙumin dawa a matsayin dukiyarsa.

Namibiya ta fuskanci irin wannan. A 1996 ta yi dokar da ta bai wa al'ummomin karkara damar kafa yankunan kare namun daji na kansu, su kuma ci moriyar kuɗin yawon buɗe ido. Wanda ke samun albashi saboda dabba tana raye ba ya buƙatar wa'azi kafin ya kare ta.

Ƙaramin misalin haka ba ya buƙatar jiran gwamnati. Ayarin matasa daga Maradi zai iya ɗaukar ɗan jagora daga Azagor ko Bermo ya biya shi haƙƙinsa, ya sayi rago da cuku da nono a wurin makiyaya maimakon ya yo lodin komai daga birni, ya nemi izini kafin ɗaukar hoton mace ko yaro, ya bi sawun da ke akwai maimakon murƙushe ciyawa, ya kuma kwashe ledojinsa ya koma da su.

Da yawa cikin matasan biranenmu sun san sunayen gandun dajin Kenya da Tanzaniya daga talabijin, ba su san cewa tafiyar wuni guda daga Maradi akwai dabbar da babu irinta a can ba. Ko za su je, ya dogara ga zaman lafiya. Ko raƙuman dawan za su daɗe kuwa, ya dogara ga abin da ziyarar za ta bari a hannun mutanen da ke kwana suna tashi da su.