In 'Yarki Ta Ce Za Ta Zango A Bakin Tafki

'Yan'uwana mata, ga hutun makaranta ya ƙarato, na kuwa san a waɗansu gidaje akwai yarinyar da ta kawo takarda daga majami'a, tana roƙon a yardar mata ta bi 'yan'uwanta zuwa zango na mako biyu a bakin Tafkin Kainji. Ba biyansu a ke yi ba. Aikin sa kai ne saboda Ubangiji: su koya wa yara karatu, su taya mata aiki, da maraice a yi waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki. Uwa ta riƙe takarda ta rasa ta cewa. To, na je irin wannan zango sau biyu tun ina kwalejin horon malamai, bari in gaya miki abin da ke can.

Da fari ki san wurin. Tafkin nan ba na asali ba ne. A 1968 aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara, ruwa ya taru ya yi tsawon fiye da mil 80, tun daga madatsar har Yawuri. Ya cinye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Watau tsohuwar da za ta ba 'yarki ruwan sha a ƙauye, mai yiwuwa gidan da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwan nan. Akwai Gungawa masu noman albasa, da Kambari, da Busawa, da Sarkawa masunta. Waɗansu Musulmi ne, waɗansu Kirista, waɗansu suna kan al'adar kakanninsu, kuma kusan kowa yana jin Hausa, ko da ya ke ƙananan yara da yawa sai harshen gidansu.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Tun asuba a ke tashi, a yi addu'a, a raba aiki. Waɗansu su ɗebo ruwa, waɗansu su hura wuta, sauran su ɗauki allo da alli su nufi gindin bishiya. Yarinyar da a gida sai an yi ta kira kafin ta ɗauki tsintsiya, a can za ta tuƙa tuwon mutum 30. Ni dai wannan kaɗai ya isa in ce tafiyar ta biya kuɗin motarta.

Amma ke 'yar makaranta, kada ki tafi da zaton za ki koya wa yaro karatu cikin kwana 14. Mu da muka koyi aikin malanta mun san ba ya yiwuwa. Baƙaƙe biyar ko shida zai kama, in kun tafi kuwa ya manta. Abin da ke zama shi ne ki nemo wata yarinya 'yar garin wadda ta taɓa shiga aji, ki zauna da ita kullum, ki nuna mata yadda a ke koyarwa, ranar tashi ki bar mata allon da littattafan. Kuma ban yarda da rabon alewa don yara su taru ba. Uwar da ta ga ana jawo ɗanta da zaƙi ba za ta sake amincewa da ku ba, tana kuwa da gaskiya. A fara gai da mai gari, a faɗa masa a fili ko ku su wane ne, wanda ya yarda ya aiko da ɗansa. Ki ɗaura zane, ki rufe kanki, ki durƙusa ki gai da manya. In kin tarar da mata suna gyaran karfasa za su sa a banda, ki karɓi wuƙa, ki bar wayarki cikin jaka. Yaran mutane ba abin ɗauka hoto ba ne.

Yanzu kuma, iya, ga abin da ya kamata ki tsaya a kai. Ruwan bakin tafki yana da kyan gani, amma a cikinsa katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ta ke zaune. Ba sai an sha ba, ta fata cutar ke shiga lokacin wanka ko wanki, daga baya a ga jini cikin fitsari, a jikin mace kuwa tana iya taɓa mahaifa. Kada 'yarki ta shiga ruwan. Na wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu cikin randa kafin a taɓa. In ta dawo ta ga wata alama, a tafi asibiti, akwai maganinta. Gidan sauro kuma tilas ne.

Sa'an nan jirgi. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka. A watan da ya biyo baya 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin Birnin Yawuri, waɗansu 'yan matan ba su ga iyayensu ba sai a 2023. Saboda haka ba rashin bangaskiya ba ne ki tafi wurin shugaban tafiyar da kanki, ke da maigida, ki tambaye shi. Wane gari za su sauka, wa ya kira su can? Mutanen wurin sun ce hanya lafiya a wannan watan? Za a haye ruwa, akwai rigar hana nutsewa ga kowa? Wace dattijuwa ce daga Zumuntar Mata za ta kwana ɗaki ɗaya da 'yan matan? In ya amsa miki ɗaya bayan ɗaya, ki sa hannu, ki ƙulla mata garin rogo da ƙuli-ƙuli. In ya ce ki bar wa Allah kawai, ki ninke takardar ki mayar masa.