Matar da ta ɗauki hoton ƙurar fadar Versailles

A ƙarshen shekarun 1970, Jacqueline Onassis, tsohuwar uwargidan shugaban Amurka John Kennedy, wadda a lokacin take aikin edita a kamfanin buga littattafai na Doubleday, ta nemi wanda zai ɗauko mata hotunan fadar Versailles ta Faransa. Ba zauren madubai mai tagogi 17 da masu yawon buɗe ido ke tururuwar gani take so ba. Ɗakunan baya take nufi, inda ƙura ta kwanta. Sai ta zaɓi Deborah Turbeville, mai ɗaukar hoton kayan sawa, kuma littafin ya fito a 1981 da sunan Unseen Versailles.

Zaɓin na da dalili. A zamanin da Helmut Newton da Guy Bourdin ke fitar da hotuna masu kaifi da ƙyalli, ita Turbeville hazo take nema. Takan tsayar da mata cikin tsofaffin gine-gine, ta bar hasken taga ya yi aikinsa, daga baya ma ta kankare hoton ko ta yage gefensa da gangan.

Aiki da hasken rana a irin wannan gida sai mai haƙuri. Hasken da ke shigowa ta doguwar taga yana raguwa da sauri: abin da ke haska fuska a bakin taga, kafin tsakiyar ɗaki ya dushe. Dole a buɗe idon kyamara sosai, ko a bar shi a buɗe na ɗan lokaci, kuma a wannan ɗan lokacin ko ƙaramin motsi mai kwalliyar ta yi, sai gefen rigarta ya narke cikin bango. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Amma ladan yana da yawa, domin haske daga gefe ne ke fito da saƙar yadi da zurfin sassaƙar bango, waɗanda fitilar kyamara ke shafewa idan ta daki abu gaba da gaba.

Masu kula da irin waɗannan gidaje ba sa murna da haske mai yawa. Rana na kashe launin siliki da darduma, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa gidajen tarihi kan taƙaita hasken da ke sauka kan tsohon yadi zuwa kimanin ma'aunin lux 50. Labulen da mai hoto ke son a yaye, shi ne mai gadin kaya ke son a saki.

An sha yi wa Turbeville ƙorafin cewa tufafin, waɗanda don su ake biyan kuɗin aikin, ba sa fitowa sosai a hotunanta. Ƙorafin na da gaskiya. Sai dai fadar da iyalan sarki suka bari a 1789, aka yi gwanjon kayanta a 1793 da 1794, ta dace da idon da ya fi kula da kujerun da aka lulluɓe da ƙyalle. Turbeville ta rasu a New York a 2013.